Ranar da Mai Agogo Ya Ambaci Maryamu Sau Goma Sha Ɗaya

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Mai Agogo, bangon ma irin siririn nan, wanda in ya yi atishawa ni ce ke ce masa sannu. Shekara goma sha huɗu muna haya a gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, coci ɗaya. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, kada wani ya tambaye ni a ina. Ni kitso nake yi a rumfar ƙofar gida. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma kunnena ya gama jami'a.

Ɗan gajere ne, siriri, idonsa na dama ya fi na hagu ƙanƙanta saboda ɗan gilashin da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. A hannun kawunsa ya koyi aikin. Shagonsa ba shago ba ne, akwatin gilashi ne a kan tebur a bakin titinmu, tsakanin mai sayar da magani da mai faci, da agogon bango uku rataye a bayansa. A da, in ka kai masa agogo sai ka yi sati kana sintiri. Yanzu kowa lokacinsa na cikin waya, shi kuma yana zaune yana korar ƙuda, sai jefi-jefi wani ya zo canjin batir. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu guda tana aure a wani gari mai nisa, sai dai gaisuwa a waya.

Abin da ya rage wa bawan Allahn nan guda ɗaya ne: Lahadi ta uku ta kowane wata. Ran nan Fasto kan tafi reshenmu na bayan gari, sai Mai Agogo ya hau mumbari ya yi wa'azi. Shekara goma sha tara yana yi, bai taɓa shiga makarantar fastoci ba. Duk wata shida ake buga jerin masu wa'azi a liƙa a ƙofar ɗakin dattawa, kuma ni da idona na sha ganinsa ya je ya tsaya, ya sa yatsa a kan sunansa, kamar mai tsoron kada ya gudu.

Ni dai tun da daɗewa nake zarginsa, gara in faɗi gaskiya.

Na farko, muryoyi. Duk Asabar da yamma, in wa'azinsa ya matso, sai in ji ana gardama a ɗakinsa. Akwai murya ta tsoho, a hankali, tana jan magana kamar ƙosasshen doki. Akwai ta mace, mai kaifi, tana ta "Ka karɓa! Ka karɓa!" Akwai ta uku, busasshiya, mai gyaran murya kafin kowace kalma, tana cewa "A'a, a'a, duba abin da ke rubuce." Ranar farko na zaci baƙi ya yi. Na fita kamar zan kwashe shanya, na duba ƙofarsa. Takalmi ƙafa biyu ne kacal, nasa. Na dawo na ce wa maigidana, "Baban Biyu, maƙwabcinka fa ko dai ya samu taɓuwa, ko kuma yana da baƙin da ba sa sa takalmi." Ya ce in kama bakina. Da bakin nan yana kamuwa ai da tuni an kama shi.

Na biyu, fita. Talata, Laraba, Alhamis, ƙarfe uku daidai, sai ya rufe akwatinsa, ya ɗauki wata baƙar jaka, ya bi titi. In na ce, "Baba Mai Agogo, ina aka nufa?" sai ya ce, "Zan kai aiki, Maman Biyu." Wane aiki? Mutumin da ya wuni bai taɓa agogo ko ɗaya ba, aikin wa zai kai? Na ce a raina ko dai bazawara ya samu. Har na fara murna, don na ga zan sha kitson biki.

Sai wata Talata zaren kitso ya ƙare mini, na shiga kasuwa ta hanyar baya. Ina dawowa, wa zan gani? Mai Agogo, da baƙar jakarsa, yana tura ƙaramar ƙofar harabar cocin Katolika. Bai ƙwanƙwasa ba, bai waiga ba. Har karen gidan kaɗa masa jela yake yi. Wanda kare ya sani, ai ba yau ya fara zuwa ba. Nan take na tuna an taɓa gaya mini mahaifiyarsa 'yar Katolika ce kafin ta auri ubansa. Na ce to, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da na yi shiru da abina, da ba a kai inda aka kai ba. Amma washegari ina yi wa matar Sakataren coci kitso, kanta na tsakanin gwiwoyina, sai ga shi ya fito da jakarsa. Shaiɗan ya zauna mini a harshe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Fadan Katolika! Yaushe za a ba ka farar riga? In an tashi ka gaya mini, ni zan riƙa yi maka guga."

Ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi kan da ke hannuna. Ya ce, "Maman Biyu, bakinki ya fi hannunki sauri." Ya wuce.

Matar Sakatare ba ta ɗago ba, amma na ji wuyanta ya yi tauri. Mai kitso tana sanin lokacin da kunne ya miƙe. Ta ce, "Wane Fada kuma?" Na ce wasa nake yi. Ta ce, "Wasan ai yana da tushe." Kafin in kai layi na ƙarshe ta tatse ni tas, har da karen.

Lahadin da ta biyo ita ce tasa. Ya hau mumbari da rigarsa mai ruwan toka, ya cire agogon hannunsa ya ajiye a gefen Littafi kamar yadda ya saba. Labarin bikin auren nan ya ɗauko, wanda ruwan inabi ya ƙare ana tsakiyar hidima, Yesu ya sa aka cika randuna shida da ruwa, ruwan ya koma ruwan inabi. Labarin da ko yaran makarantar Lahadi sun haddace. Amma mutumin nan ya shiga ta inda ban taɓa jin an shiga ba. Ya ce, a duk taron nan, wa ya fara lura abin sha ya ƙare? Ba ango ba, ba uban biki ba. Maryamu ce. Ya ce don tana can baya ne wajen masu hidima, inda ake ganin gindin tukunya. Ya ce ba ta yi shela ba, ba ta raɗa wa ta kusa da ita ba, zuwa ta yi ta gaya wa wanda zai iya rufa asirin gidan. Da ya faɗi haka na ga kamar ni yake kallo, sai na shiga gyaran ɗankwali.

Daga nan ya koma kan masu ɗiban ruwa, yadda kafaɗunsu suka yi tsami, suna cika randa suna tunanin wannan wane irin aikin banza ne. Ya ƙare da randunan kansu, ya ce na wanke-wanken tsarki ne na tsohuwar al'ada, Ubangiji ya cika su da sabon abu. Gaskiya wa'azi ya yi daɗi. Matan da suka taɓa aurar da 'ya abinci ya yanke musu har hawaye suka yi.

Amma ni idona na kan Sakatare. Yana zaune a benci na gaba, bai buɗe Littafi ba. Takardar sanarwa ya kifa a kan gwiwa, duk bayan ɗan lokaci sai ya ja ɗan layi da biro. Na ce wannan ba rubutun albarka ba ne.

Ran Litinin aka kawo wa Mai Agogo takarda: dattawa suna son ganinsa Lahadi mai zuwa bayan sujada, a kan koyarwarsa da kuma wuraren da yake zuwa. Ni ma aka aiko mini, wai in zo a matsayin maƙwabciya. Kowa ya san ma'anar wannan. Saura sati biyu a buga sabon jeri.

Na same shi a bakin akwatinsa, gilashi a ido, yana tsintar wani ɗan ƙarfe da hantsaki. Na ja bencin mai faci na zauna.

Na ce, "Baba, tunda za a sa ni rantsuwa, gara ka gaya mini gaskiya. Ka koma wajen dangin uwarka ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da kin tambaye ni haka tun farko."

"To ga shi na tambaya. Su wa kake ɓoyewa a ɗaki ran Asabar?"

Sai ya cire gilashin, ya buɗe baƙar jakar. Ni na zaci carbi zan gani, ko ɗan gunki. Littafi ne, da biro uku, ja da shuɗi da kore, da wata doguwar takarda da aka raba gida uku, kowane gida da launin rubutunsa.

Ya ce ran Talata wajen tsohon Katikis yake zuwa, wato malamin da ya yi shekara arba'in yana koyar da masu shiga Katolika, yanzu idonsa ya mutu, yana zaune a wani ɗaki a bayan harabarsu. Sai ya karanta masa ayar da zai yi wa'azi a kai, tsohon ya faɗi yadda su suke fahimtarta, shi kuma ya rubuta da ja. Ran Laraba sai wajen Mama Mai Addu'a, wadda ke da ɗan coci na kwano a bayan tashar mota, inda ake tafi da tsalle har ƙasa na girgiza. Nata da kore. Ran Alhamis kuma wajen Tsohon Malami, wanda ya koyar a makarantar Littafi ta irin cocinmu kafin ya yi ritaya. Nasa da shuɗi. Ran Asabar sai ya haɗa su faɗa a ɗakinsa, shi kaɗai, yana ara wa kowa murya, har ya ga abin da ya tsaya da ƙafarsa.

Na ce, "Au, ashe kai ne macen?"

Ya ce, "Ni ne."

"Wallahi ka iya. To me suka ce a kan bikin?"

Ya sa yatsa a kan jan rubutun. "Katikis ya ce uwar ce ta ga matsala ta kai wa ɗanta, kuma har gobe tana kai masa, don haka mai damuwa ya bi ta hannunta." Ya matsa kan koren. "Mama ta ce randar da babu komai rayuwarka ce, ka cika ta da bangaskiya har baki, yau ɗin nan za ka ga mu'ujiza." Ya gyara murya irin ta Tsohon Malami, ya taɓa shuɗin. "Shi kuma ya ce a'a, a'a, ba maganar uwa ba ce, ba maganar randarka ba ce. Alama ce cewa tsohon abu ya wuce, sabo ya zo, a bar ido a kan Yesu. Ya ƙara da cewa ruwan inabin ma ba mai bugarwa ba ne."

Na ce, "Shi ya ɗanɗana?"

Ya yi dariya duk da halin da yake ciki. Na ce, "To wanne ne mai gaskiya a cikinsu?"

Ya nuna bayansa da babban yatsa. "Kin taɓa tambayar kanki me ya sa nake rataye agogo uku? Agogo ɗaya ba ya sanin ya yi latti. Zai yi ta tafiya yana ganin shi ne daidai. Ni ban yarda da Katikis a kan roƙo ta hannun Maryamu ba, kuma na gaya masa a fuskarsa. Amma shekara nawa ina karanta wurin nan, ban taɓa tambayar wa ya fara lura ba, sai da ya nuna mini. Mu tsallake ta muke yi da gudu, don kada a ce mun zama su."

Maganar ta shige ni, amma ban sake jiki duka ba. Na ce a raina, in abin kirki ne, me ya sa ake cewa "zan kai aiki"? Na tambaye shi. Ya ce, "Saboda irinku."

Ranar zaman na ci ado kamar mai zuwa kotu. Ɗakin dattawa ƙarami ne, tebur ɗaya, kujerun roba, fanka a sama tana kuka kamar ana matse ta. Dattawa biyar, da Fasto, da Sakatare da fayil ɗinsa. Faston namu matashi ne mai sanyin hali, shekararsa biyu da zuwa, har yanzu yana taka ƙasa a hankali don bai gama sanin inda ramuka suke ba. Aka yi addu'a. Ni dai ido ɗaya na rufe.

Sakatare ya miƙe da takardar sanarwar nan. Ya ce, "Ni ba na magana da ka. Na ƙirga. A wa'azin Lahadin da ta wuce, ɗan'uwanmu ya ambaci Maryamu sau goma sha ɗaya. Yesu kuwa sau tara."

Wani dattijo mai sanda ya ce, "Kai! Har ta fi shi da biyu?"

Mai Agogo ya ce, "Inda na ce Ubangiji fa, ka sa a lissafi?"

Sakatare ya ce, "Suna na ƙirga."

"To ai labarin da ita ya fara. In na yi wa'azi a kan Yunusa, kifi ma zai sha ambato."

Na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai. Aka juyo aka dube ni, sai na mayar da ita tari.

Sakatare ya ce, "Yawwa, tunda ga ta nan. Maman Biyu, kin gan shi yana shiga harabar Katolika ko ba ki gan shi ba?"

Na ce, "Na gan shi. Amma ai ko ni ina shiga shagon mai magani, ban zama likita ba."

"Amsa kawai muke so. Kin taɓa jin ana cewa a bi ta hannun Maryamu a cikin ɗakinsa?"

Na ji ɗin, ranar Asabar ɗin nan ma, da muryar tsoho. Ga Littafi a kan tebur, ba zan yi ƙarya ba. Sai na ga bari in gyara masa. Na ce, "Na ji. Amma ba shi ke faɗa ba. Wato shi ne, amma bakin Katikis ya ara. Kuma nan da nan yake ƙaryata shi da muryar Tsohon Malami. Ai ba Katolika kaɗai yake zuwa ba, har wajen Mama Mai Addu'a ta bayan tasha yana zuwa duk Laraba, ku ji shi yana 'Ka karɓa! Ka karɓa!' sai ku rantse ita ce."

Ina rufe baki na san garin gyaran gira na tsone ido. Mai Agogo ya sunkuyar da kai. Dattijo mai sanda ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ashe ba rijiya ɗaya ba ce, har da ta masu faɗuwa ƙasa!" Sakatare kuwa rubutu yake ta yi. Wannan labarin bai da shi a fayil, ni na ba shi kyauta.

Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Baba, ni tambaya ɗaya gare ni. Kai me ka gaskata?"

Mai Agogo ya miƙe tsaye. Ya faɗi abin da ya gaskata tiryan-tiryan, irin wanda muke faɗa tare duk Lahadi, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce ga Yesu kaɗai yake addu'a. Ya ce in akwai kalma ɗaya a wa'azinsa na shekara goma sha tara da ta saɓa wa koyarwar cocin nan, a nuna masa. Aka dubi Sakatare. Ya juya takardarsa gaba da baya, babu komai a kai sai 'yan layukansa.

Sai Mai Agogo ya ce, "Fasto, ka yi mini haƙuri, in tambaye ka. Littattafan sharhin nan da suka cika kanta a ofishinka, duk 'yan cocinmu ne suka rubuta su?"

Fasto ya ɗan yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce, "A'a. Akwai na Katolika a ciki, akwai na wasu ma. A makaranta an sa mu karanta kowa."

"To ni Turancina bai kai na waɗannan littattafai ba. Nawa littattafan masu numfashi ne, sai na taka na je na same su."

Fasto ya juya biro a hannu. Na zaci an gama, an sha. Sai ya ce, a hankali, "Gaskiya ne, Baba. Sai dai littafi ba shi da ƙofar da za a ga mutum yana shiga."

Wannan maganar har yau ina juya ta. Ban sani ba ko goyon bayansa ya yi, ko sayar da shi ya yi cikin ladabi.

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Wani mai furfura a gemu shi ya faɗi shawara. Ya ce ba a sami kuskure a bakinsa ba, amma ƙafarsa tana sa raunana tuntuɓe. Sharaɗi biyu: ya riƙa nuna wa Fasto takardar wa'azinsa kafin Lahadi, kuma ya daina zuwa wajen Katikis da Mama. Tsohon Malami dai namu ne, wannan ba laifi. In ya yarda, sunansa na nan.

Na harare shi ina masa alama da ido: ka ce to, mutumin nan, ka ce to, in ya so daga baya ka riƙa bi ta hanyar kasuwa. Ni da kaina zan rufe bakina da zare da allura.

Ya ce, "Takarda kam, ko yau a karɓa. Amma zuwa, ba zan ce na daina ba alhali na san zan je. Tsohon nan ba ya gani, ni ke karanta masa. Kuma in na daina zuwa, abin da zan riƙa kawo muku nawa ne ni kaɗai, nawa kuwa bai cika cokali ba. Duk wa'azin da kuka taɓa cewa ya yi muku daɗi, ta hanyar nan ya biyo."

Mai gemu ya ce, "Ka je ka yi tunani."

Ya ce, "Na yi, Baba. Shekara goma sha tara."

Aka rufe da addu'a. Muka kama hanyar gida, yana gaba ina baya.

Bayan sati guda aka liƙa sabon jeri. Ban jira ya je ba, ni na riga shi. Karatuna bai da yawa, amma na san siffar sunansa kamar yadda na san tsagar kan 'ya'yana. Na bi layi-layi har ƙasa, na sake hawowa. Babu. A Lahadi ta uku, wata shida a jere, sunan Sakatare ne. Ni ban ce da ma abin da yake nema ke nan ba. Na dai ce mutum ba ya zuwa coci da biro a shirye don ƙirga suna sai in akwai abin da ke ransa. Matarsa kuma tun ranar ba ta sake kawo mini kai ba, ta koma wajen wata a layin baya, wadda kitsonta ko sati ba ya yi.

Shi kuwa da aka tashi sujada ya je ƙofar, ya tsaya, hannunsa a aljihu. Bai daɗe ba. Ya gaisa da dattawa ɗaya bayan ɗaya, har da Sakatare, ya tafi gida. Ranar bai kunna rediyo ba, bai ɗibi ruwa a famfo ba. Na zuba abinci na kai masa, ya ce ya ƙoshi. Na ajiye a bakin ƙofa, da yamma na tarar da kwanon yadda na bar shi.

Ran Talata, ƙarfe uku daidai, ina rumfa ba kowa a gabana, sai ga shi da baƙar jakarsa.

Na ce, "Baba, ina kuma za ka?"

Ya ce, "Wajen Katikis." Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa.

"To wa'azin wa za ka yi wa? An fa cire ka."

Ya tsaya ya dube ni da ƙaramin idon nan nasa. Ya ce, "Ke."

"Ni?"

"Ke kika kore mini jama'a, ke za ki zauna a madadinsu. Asabar ta uku, ƙarfe huɗu, ki zo da kujerarki tsakar gida."

Na ce, "Haba Baba, ba a yi mini sassauci? In yi maka wanki na wata guda mana."

Ya ce, "Wankina ni nake yi."

Yau wata huɗu ke nan. Duk Asabar ta uku ina ɗaukar 'yar kujerata in zauna a gindin igiyar shanya, shi kuma ya tsaya a bayan durom ɗin ruwa, ya shimfiɗa takardarsa mai launi uku, ya yi mini wa'azi ni kaɗai, da "'yan'uwa ƙaunatattu" da komai. Baban Biyu yakan laɓe a taga yana dariya, in an ce ya fito sai ya ce mota na jiransa. A coci minti talatin yake yi ya sauka. Ni kuwa sai ya kai awa da kwata, kuma in na yi gyangyaɗi sai ya koma farko. Ya ce wai ayoyin ne suka yi zurfi. Ni dai ina zargin da gangan yake yi.